Layin da Ban Kai wa Lauya Ba

Coal Camp, Inugu.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Nafisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Kaduna lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya, da na ƙarfe, da na mutum. Ki gaida Gwaggonki Asabe da mutanen gidanta, ki ce mata ina nan ina fama. A ƙasan jakarki na cusa takardar, ƙarƙashin littattafai, don na san ba za ki kai gare ta ba sai kin huta gajiya. Da gangan na yi haka. Abin da ke cikinta ba zan iya faɗarsa ina kallon idonki ba.

Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya-jiya kika baro shi. Magana biyu ce gare ni, kuma a wurina sun zama ɗaya: jarrabawar neman tallafin karatu da za ki zauna nan da wata uku, da Kawunki Sale da yau shekara bakwai ke nan yana tsare yana jiran shari'a. Ke da mahaifiyarki kun ɗauka ƙaddara ce kawai ta faɗa masa. Ƙaddara ce, amma da hannuna a ciki dumu-dumu. Ke ce kuma kika sa na kasa ci gaba da ɓoyewa, ba tare da kin sani ba.

Ki tuna wata la'asar, sati uku da suka wuce. Ina zaune a bakin ƙofa ina wasa wuƙaƙe, ke kina kan benci da littafin gwajin nan mai kauri, sai kika yi tsaki kika wurgar da biro.

Na ce, "Ke lafiya? Biron ne ya yi miki laifi?"

Kika ce, "Baba, abeg, mutanen nan mugaye ne wallahi. Amsa huɗu suka ba ni, kuma duk huɗun gaskiya ne. To wacce zan ɗauka?"

Na ce ki fassara mini. Kika ce a irin wannan tambaya ana jero maka bayanan da wai wani ɗalibi ya tattara a bincikensa, layi biyar ko shida, sannan a gaya maka abin da yake so ya nuna, kai kuma ka zaɓi jimlar da ta ɗauko abin da ya dace daga cikin bayanan. Ta ranar a kan wasu tsuntsaye biyu ce. Duk kifi suke ci, duk a bakin ruwa suke zama, amma ɗaya a kan bishiya take sheƙa, ɗayar a ƙasa cikin ciyawa. An ce ɗalibin yana so ya nuna bambancinsu. Ke kuwa kika ɗauki doguwar amsa, mai sunan wanda ya yi binciken da irin kifin da suke ci, don ta fi cika ido. Da kika duba bayan littafi, ashe 'yar gajeruwar nan ce ta maganar sheƙa.

Kika ce, "Amma Baba, tawa ma ba ƙarya ba ce."

Na ce, "Ba ƙarya ba ce, sai dai ba ita aka tambaye ki ba."

Kika yi dariya kika ce ashe Baba ma ya iya. Ba ki lura na ajiye wuƙar ba. Na ajiye ta ne don maganar da na gaya miki ita ce wadda na shekara bakwai ina toshe kunne kada in ji. Tun daga ranar abinci bai ƙara yi mini daɗi ba, mahaifiyarki har ta fara cewa in je a auna jinina.

Bari in faro miki daga Fatakwal, don a can wannan ciwo ya fara. Na sauka garin ina saurayi, daga ƙauyenmu na bayan Ɗambatta, ba ni da komai sai aji uku na sakandare da girman kai. Na yi turin baro a Kasuwar Creek Road har kafaɗata ta yi kanta. Sale ne ya tsamo ni. A lokacin ba surukina ba ne, wani dogon mahauci ne mai yawan barkwanci, yana da teburin nama a wani fili bayan kasuwa, inda mahauta tara suke zama. Da ya ga ina iya rubutu sai ya laƙaba mini Sakatare, sunan da ya bi ni har yau, har wasu ba su san sunana na yanka ba.

Mai filin ya rasu, ɗansa ya gaje shi. Ya aiko cewa wanda ubansa ya ba wuri da hannunsa ya zauna, wanda kuwa ya shigo daga baya ya tashi, kuma a kawo masa shaida kafin ranar Asabar. Dattawan suka haɗo duk takardun da suke da su a cikin wata leda suka danƙa mini, suka ce Sakatare ya tsara. A cikin ledar akwai wata 'yar takarda da ta sha maiƙo, layi biyu kacal, da dangwalen yatsan tsohon, yana cewa ya ba mahautan nan wurin. Na gan ta, na ture ta gefe, don a ganina ta yi ƙazanta da yawa a kai wa babban mutum. Na zauna na rangaɗa shafi huɗu da Turanci: nisan garinmu, yawan iyalinmu, yadda muke zaman lafiya da kowa, yadda ba a taɓa kama ɗayanmu da sata ba. Duk gaskiya ne, Nafisa, ko ƙarya ɗaya babu. Na karanta wa dattawan, suna ta kabbara, alhali ba mai jin rabin abin da nake faɗa.

Mutumin ya karanta shafi ɗaya, ya juya sauran, ya dube ni ya ce, "Mallam, dis one na story. Who give una dis place?" Wa ya ba ku wurin, shi kaɗai ya tambaya. Na ce akwai takardar a gida. Ya ce yau ce Asabar ɗin. Kafin in ɗauko okada in je in dawo ya tashi, ranar Litinin kuwa muka tarar masu kifi sun jera kwandunansu a inda teburanmu suke.

Mutum tara suka rasa wurin cin abinci saboda ni. Na zaci Sale zai mare ni. Sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Sakatare, Turancinka ya yi kyau wallahi, sai dai babu inda za a ajiye tebur a cikinsa." Ya yi dariya, ni na yi kuka.

Don haka abu na farko da nake so ki riƙe, kada ki fara da bayanan. Ki sauka ƙasa ki karanta abin da aka ce ɗalibin yana so ya yi, ki ja masa layi, ki maimaita shi a ranki da Hausa har sai kin tabbata kin gane. Bambanci ake nema ko kamanceceniya? Gabatar da abu ake so ga wanda bai san shi ba, ko sakamakon bincike? Sai kin riƙe wannan sannan ki hau sama ki bi layukan ɗaya bayan ɗaya, kowanne ki tambaye shi ko zai yi miki wannan aiki. Wanda ba zai yi ba ki wuce shi, komai kyansa. Kuma kada ki raina gajeruwar amsa. Na san halinki, irin nawa ne, muna son a ce mun san abu da yawa, kuma masu shirya tambayoyin nan sun san da irinmu, don mu suke ajiye doguwar amsa.

Daga Fatakwal muka tattara muka koma Anaca, ni da Sale. A can ya ba ni ƙanwarsa, mahaifiyarki, ba tare da ya tambayi ko sisi nawa nake da shi ba. A can kuma aka fara ba ni riƙon littafin kwata. Ke kin tashi kina ganin littafin a hannuna, amma ban taɓa gaya miki amfaninsa ba. Duk dabbar da za a yanka sai an rubuta kamanninta: launi, tsagen kunne, tambarin da ke cinya, wanda ya kawo ta, wanda ya yanka, da lokaci. Dalili kuwa, da zarar an feɗe saniya fatarta ta tafi, babu mai iya cewa ga yadda take. Idan wani ya biyo sawun dabbarsa da aka sace, littafin nan ne kaɗai ke raba mahauci da sunan ɓarawo. Mu baƙi ne a ƙasar nan, kuma baƙo ba ya ɗaukar wannan suna ya kwana lafiya.

Wata rana wani dattijon Bafulatani ya zo neman jar saniyarsa mai tsage biyu a kunnen dama. Na buɗe littafi, sai ga ta: ja, tsage biyu a kunnen dama, wani dillali ne ya kawo. Mutane suka taru. Dattijon ya ce, "Tawa ƙahonta na hagu a karye yake. Wannan fa?" Littafi bai ce komai a kan ƙaho ba. Abin da ya kamata in ce shi ne ban rubuta ba. Amma ido ya yi mini yawa, ga shi ana yabona wai Sakatare ba ya mantuwa, sai na ji bakina ya ce, "E, ina jin a karye yake." Shi ke nan. Aka yi wa dillalin nan tereren tsiya, aka kore shi daga gariki, wato kasuwar shanu, yana rantsuwa da Allah ba mai saurarensa. Sale ne ya feɗe saniyar, amma ranar ya tafi ganin gida. Da ya dawo ya ji labari, ya ce ƙahonta biyu lafiya lau. Bayan wata guda aka ga saniyar dattijon da ranta a wani gari. Dillalin bai sake tako Anaca ba, kuma har yau ban san inda zan same shi in roƙi gafara ba.

Wannan karon Sale bai yi dariya ba. Ya ce, "Sakatare, abin da ba ka rubuta ba, ba ka san shi ba. Ka riƙe bakinka a inda bironka ya tsaya."

Ke ma na ga kina yin irinta. Akwai ranar da kika zaɓi wata amsa kika ce ai malaminku ya taɓa faɗa muku haka a aji. Wataƙila ya faɗa, wataƙila ma gaskiya ne. Amma ba a tambaye ki abin da kika sani ba, an tambaye ki abin da ke cikin bayanan da ke gabanki. Duk amsar da ta zo da wani abu, ki sa yatsa ki nemo shi a cikin layukan. In yatsanki bai same shi ba, ki bar ta, ko da zuciyarki tana rantsuwa cewa haka ne.

Waɗannan biyu wauta ce da son a sani. Na uku ba wauta ba ce, ido buɗe na aikata shi, kuma dominsa nake wannan rubutu.

Kina shekara goma sha ɗaya, muna nan Inugu, ni ne sakataren mahauta, ina da rumfata da yarana. Ƙa'idar kwata ita ce likitan dabbobi yana zuwa da safe ya duba, ya buga hatimi a jikin nama, wajen ƙarfe goma ya tafi. Bayan tafiyarsa ba a yanka. Wata Alhamis motar shanu ta iso a makare daga arewa, a ciki akwai wani farin bijimi nawa da ya faɗi a hanya, sauran suka tattake shi, numfashi sama-sama. Likita ya riga ya tafi. In na jira gobe mushe ne. Na kira Sale, muka ja motar bayan shago, ya sa masa wuƙa, muka feɗe, na raba naman cikin wanda aka riga aka buga wa hatimi, aka sayar. Ban san ko ciwo ne ya kayar da bijimin ko gajiya ba, ban kuma so in sani ba. Amma da yake tsoron sunan ɓarawo ya fi mini tsoron likita, na laɓe a jikin motar na rubuta shi kamar kullum: Alhamis, sha ɗaya saura kwata, farin bijimi mai tsage a kunnen hagu, ya faɗi a mota, Sale ya yanka. Na sa sunan direban da lambar motarsa.

A daidai wannan lokaci, can wajen tasha, rigima ta ɓarke tsakanin wasu masu dako da wasu 'yan gari, aka soki wani mutum da wuƙa, ya cika a asibiti. Wani ya ce ya ga wani dogon mahauci a wurin. Kwana biyu bayan haka 'yan sanda suka zo suka tafi da Sale, da jini a rigarsa kamar kowane mahauci. Ya ce musu yana kwata tare da surukinsa. Bai ambaci bijimin ba.

Ƙungiyarmu ta mahauta ta ɗauki lauya. Mutumin ya zaunar da ni a ofishinsa a Asata ya ce, "Oga Sakatare, abu ɗaya nake so. Ina Sale yake ranar Alhamis tsakanin goma da sha biyu? Duk abin da ke littafinka da ya nuna wannan, kawo mini."

Kin ji tambayar. Ko yaro ya san layin da ya amsa ta. Na dawo gida na buɗe littafin, na zuba wa layin ido. Idan na kai shi, na rubuta da hannuna cewa sakataren mahauta ya yanka dabba mai ciwo bayan tafiyar likita ya sayar wa mutane. Za a karɓe littafin, a rufe rumfar, wataƙila ni ma a tsare ni. Ku huɗu ne a lokacin, ƙaninki na goye. Na ce wa raina ai kowa ya san Sale, mutumin da ko kaza ba ya yi wa tsawa, sati biyu ya yi yawa za su gane kuskurensu su sake shi.

Sai na shiga zaɓe. Na kwafi shafukan da suka nuna shekara uku Sale bai taɓa fashin aiki ba. Na karɓo takarda daga liman cewa ba ya rasa jam'i. Na karɓo ta sarkin fawa cewa ba a taɓa kawo ƙararsa ba. Na haɗa da ta maƙwabcinsa Inyamuri da Sale ya taɓa kai matarsa asibiti. Na cika fayil har da ƙyar yake rufuwa, na kai. Lauyan ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗago ya ce, "Duk wannan ya nuna mutumin kirki ne. Mutumin kirki ma yana iya zuwa tasha. Ina Alhamis ɗin?" Na ce masa ba ma rubuta komai bayan tafiyar likita, don ba ma yanka. Na ce na ga Sale da safe, amma ba zan iya rantsuwa a kan ƙarfe sha ɗaya ba. Littafin kuwa na jefa shi a ƙasan akwatina, na gaya wa ƙungiya ruwan sama ya lalata shi, na buɗe sabo.

Sati biyu ya zama wata biyu, wata biyu ya zama shekara. Ana zama ana ɗagawa, yau babu alƙali, gobe babu motar kawo su. Kullum ina cewa zama mai zuwa zan fito da shi, kuma duk ranar da ta wuce sai fitowa da shi ya ƙara wuya, don yanzu ba bijimi kaɗai zan amsa ba, har da ƙaryar. Matarsa ta gaji ta koma arewa da yara. Kakarku ta rasu tana kiran sunansa. Duk ƙarshen wata mahaifiyarki tana soya nama, ta daka yaji, ta ƙulla gari, ta ba ni in kai masa, in na dawo ta durƙusa ta ce, "Malam, Allah Ya saka maka, ka yi wa Yaya abin da ɗan'uwa na jini ba zai yi ba." Ni kuma in ce amin. Wallahi Nafisa, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ba ni da wata hikima da zan ba ki a kan wannan, don wanda ya faɗa rijiya ba shi ke koya wa mutane tafiya ba. Abin da na sani kawai, mutum yana iya tara gaskiya tuli guda don ya binne gaskiya ɗaya. A jarrabawa kuskure ne zai sa ki tsallake layin da ya dace, za ki rasa maki, ki sake zama. A rayuwa galibi ba kuskure ba ne. Duk ranar da aka yi miki tambaya guda, kika ji bakinki yana ta zuba amsoshi masu kyau, ki tsaya ki duba wanne ne kike kewayewa. Kina son karatun lauya ko aikin jarida, duk aikin zaɓen hujja ne daga cikin tarin takardu, kuma ran wani zai rataya a kan abin da kika ɗauka da abin da kika bari.

Kwana uku bayan maganarmu ta bakin ƙofa na fito da littafin. Lauyan farko ya daɗe da barin shari'ar, yanzu wata lauya mace ce ke riƙe da ita, ita na kai wa. Ta karanta layin sau biyu, ta cire tabarau, ta ce, "Oga Sakatare, ina wannan yake shekara bakwai?" Na gaya mata komai. Ba ta zage ni ba. Ta dai ce da a makon farko na kawo, da an kira direban, magana ta ƙare. Mun bincika, direban ya rasu shekara biyu da suka wuce. Yanzu saura ni da littafin, kuma za a ce daga baya na rubuta don in ceci surukina, tunda ni da bakina na taɓa cewa babu komai a ranar. Ta ce za ta shigar da shi, amma sai na tsaya a gaban alƙali na amsa cewa na sayar da naman, na kuma yi ƙarya, kuma duk da haka ba ta yi mini alkawarin zai fito ba. Na ce na yarda. Ihu ne bayan hari, na sani, amma shi kaɗai ya rage mini.

Daga ofishinta na wuce wurin Sale. Rabonki da ganinsa shekara uku, don shi ya hana a riƙa kawo ku. Ba za ki gane shi ba. Dogon nan ya ranƙwafa, haƙoransa na gaba sun zube, yana tari mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya saba. Na ce, "Yaya Sale, akwai abin da na ɓoye maka." Na fara ba shi labarin layin, ina in'ina, kaina a ƙasa.

Ya katse ni ya ce, "Farin bijimin nan mai tsage a kunnen hagu? Ai ina durƙushe ina fiɗa na hango ka a jikin tayar mota kana rubutawa. Har agogo ka duba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Ka sani? To me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Ni an tambaye ni inda nake, na faɗa. Kai aka tambaya shaida. Na duba na ga in na tona da bakina, 'ya'yan ƙanwata me za su ci? Sai na ce bari in ba Sakatare sati guda ya kintsa, zai kawo da kansa."

Ya yi tari mai tsawo, ya goge bakinsa da hannun riga. Na jira ya ƙara wani abu, ko zagi ko yafiya. Sai ya ce, "Yaya Nafisa da karatu? An ce za ta Kaduna." Na ce e. Ya ce, "Madalla. Ka ce mata ta dage." Mai gadi ya buga ƙarfe, ya tashi ya tafi bai waiwayo ba. Bai ce ya yafe ba, ni kuma ban ga fuskar da zan roƙa da ita ba.

Mahaifiyarki ba ta sani ba tukuna. Na bari sai kin tafi, don kada ki hau mota da kukanta a kunnenki. Ranar Juma'a in na sauko daga masallaci zan gaya mata, ranar Asabar in gaya wa sarkin fawa in miƙa masa littafin kwata da nake riƙe da shi yanzu. Abin da zai biyo baya Allah kaɗai Ya sani. Za ki ji maganganu a waya, wataƙila ki ji an rufe rumfa, wataƙila ki ji ta tafi gida da ƙannenki. Ko me kika ji, ban yarda ki baro Kaduna ba sai kin zauna jarrabawar nan. Kuɗin makarantar share fagen jarrabawar na riga na ba Gwaggonki gaba ɗaya, babu abin da zai taɓa shi. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki yi wa Gwaggonki biyayya ko da ta cika faɗa, ki rage Turancin Inugu a gabanta don ba ta son sa, kada kuma ki hau motar da ba ta tasha ba.

Allah Ya tsare ki a inda idona ba ya kaiwa. Ya buɗe miki ƙwaƙwalwa ranar jarrabawa, Ya nuna miki amsar da aka tambaya, Ya ba ki ƙarfin zuciyar ɗaukarta. Ya raba ki da halin ubanki. Ya dawo mana da ke lafiya, ko wane irin gida za ki tarar.

Zaman kotu na gaba saura sati biyar. Duk sujadar da za ki yi daga yau, ki sa Kawunki a ciki, Allah Ya fito da shi da ransa. Ni ban ce ki sa ni ba, wannan na bar miki.

Wassalam.

Mahaifinki,
Haladu Sakatare.